Aku daga Kano, biri daga Hada: abin da dokar Saudiyya ta yarda ka ajiye a gida

Wani ɗan'uwa mazaunin Makka ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum likita. Ina gadin wata istiraha (gidan hutu) a hanyar Jidda. 'Ya'yana sun matsa mini in samo musu aku. Ƙanena zai zo Umra daga Kano, ya ce zai riƙo mini aku ɗaya da ɗan kunkuru. Sannan wani ya yi mini tallan ɗan biri da aka kamo a duwatsun Hada kusa da Ɗa'if, kuɗi kaɗan. Abu na ƙarshe, mai istirahar ya kawo ɗan fahad, ni ke ba shi abinci. Wanne doka ta yarda da shi, wanne ne zai jefa ni cikin matsala?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah Ya raya zuri'a. Bari in ba ka amsar a dunƙule tukuna, kada ƙanenka ya riga ya shiga kasuwa kafin ka gama karantawa. Ka kira shi yau ka ce kada ya ɗauko aku, kada ya ɗauko kunkuru. Birin nan ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Aku kuwa kana iya mallakarsa a ƙasar nan ba tare da ka saɓa doka ba, in ka bi ta ƙofar da ta dace. Maganar fahad, wato rabbi, dabbar dawa mai kama da damisa, ita ta fi tayar mini da hankali, zan bar ta zuwa ƙarshe.

Mutanenmu da yawa in sun kawo mini dabba asibiti, hujjarsu ɗaya ce cikin uku: ba ta cizo, ko addini bai hana ba, ko da kuɗina na saya. Hukuma ba ta nan take duba abin ba. Abin da take tambaya shi ne wace irin dabba ce, daga ina ta fito, kuma ina takardarta. Dabbobin gida, irin su kyanwa, kaji, tantabarun kiwo, zomon gida da tumaki, al'amarinsu na hannun Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma, tare da baladiyya, wato hukumar gari. Duk dabbar da asalinta ta dawa ce, ko ta ƙasar nan ce ko daga waje aka shigo da ita, ko ma a keji aka haife ta, tana ƙarƙashin Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa. An kafa cibiyar a 2019, ta gaji hukumar da ke wannan aiki tun 1986. A 2020, wato 1441 bayan Hijira, aka fitar da sabuwar Dokar Muhalli, ta fara aiki a farkon 2021. Akwai kuma rundunar askar, wato jami'an tsaro, ta musamman ta tsaron muhalli a ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, wadda ba ta da wani aiki sai wannan.

Dattawan da suka daɗe a Jidda suna tuna lokacin da za ka shiga kasuwar tsuntsaye ranar Juma'a ka ga abin da ranka ke so a fili, ba mai ce maka ƙala. Wannan zamanin ya wuce, kuma wanda ya ba ka shawara da ilimin wancan lokacin zai kai ka ya baro. Mafi girman hukuncin da sabuwar dokar ta tanada shi ne ɗaurin shekara 10 da tarar riyal miliyan 30, ko ɗaya daga cikinsu. Wannan ƙololuwa ce, ta manyan laifuka irin fataucin dabbobin da ke gab da ƙarewa, kuma kotu ke yanke ta. A ƙasa da ita akwai jadawalin tara: farauta ba lasisi riyal 10,000, damisar Larabawa 400,000, mariri 90,000, dabbu, wanda malamanmu ke ce wa damo, riyal 3,000 kowane ɗaya. Ka lura, farauta a wajen doka ba kisa kaɗai ba ce. Bin dabba da kama ta da rai duk a ciki suke.

Izini kuwa ta intanet ake nemansa, a dandalin cibiyar mai suna Fitri, kuma ba ka shiga sai da lambar katin ɗan ƙasa ko igama mai rai, wato katin zaman baƙo da wa'adinsa bai ƙare ba. Ma'anar wannan a fili take: ɗan'uwan da takardun zamansa ba su cika ba, ba shi da hanyar da zai halasta dabbar dawa a hannunsa, kome ƙanƙantarta. Ga wanda ba ɗan ƙasa ba kuma, abin da kan biyo bayan ɗauri shi ne tarhil, wato a mayar da shi ƙasarsu. Na faɗi wannan ne don laifi ɗaya ba nauyi ɗaya yake yi a kan kowa ba. Mai gida zai iya biyan tara ya koma harkokinsa. Kai kana iya rasa aikinka, da makarantar 'ya'yanka, da maƙwabtakar Ɗakin Allah, saboda tsuntsu.

To, maganar aku. Wanda muke nufi, mai launin toka da jar wutsiya, wanda ake kira kasko a kasuwannin nan, ba tsuntsun ƙasar Hausa ba ne. Daga kurmin kudancin Najeriya da Kamaru da Kongo ake kawo shi Kano. Masu kama shi danƙo suke shafa wa reshe, ko su haura bishiya su kwashe 'ya'ya daga rami, kuma da yawa suna mutuwa kafin su kai hannun mai saye na farko. Daga shekarun 1970 zuwa lokacin da aka tsananta doka, an fitar da fiye da miliyan ɗaya daga Afirka ta hanyar da aka rubuta, ban da na ɓoye. A Ghana, masu bincike sun tarar cewa abin da ya ɓace daga 1992 ya kai kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari. Daji ne da a da yake cike da kukansu, yanzu sai a yi kwanaki ba a ga ko ɗaya ba.

Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa mai suna CITES, da aka sa wa hannu a Washington a 1973, ta fara aiki a 1975. Najeriya da Nijar suna cikinta tun 1975, Saudiyya ta shiga a 1996. Ta kasa dabbobi jeri uku. Jeri na ɗaya shi ne na waɗanda ba a yarda a yi cinikin na dawa tsakanin ƙasashe ba. Jeri na biyu ana ciniki amma da izini. A taron da aka yi a Johannesburg a 2016 aka mayar da aku jeri na ɗaya, hukuncin ya fara aiki a Janairun 2017. Don haka in mutum na son ya ƙetare iyaka da akunsa na kansa, ba don sayarwa ba, sai ya fara samun izinin shigowa daga ƙasar da zai je, sannan izinin fitarwa daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a Abuja, sannan shaidar lafiya daga hukumar killace dabbobi. Kafin a ba da izinin fitarwa kuma sai an tabbatar ta hanyar halal aka mallaki tsuntsun. A nan akun kasuwa ke faɗuwa, domin ba shi da wata shaida sai bakin mai sayarwa. Najeriya tana da tata dokar tun 1985, an ƙara mata ƙarfi a 2016, saboda haka ƙanenka zai saɓa doka a filin jirgin Kano tun kafin ya iso na Jidda.

Na san abin da ake cewa: ai a jaka za a sa shi, ba mai gani. Ina roƙonka don Allah kada ku yi. Ana ɗaure masa baki da fukafukai a cusa shi cikin gorar roba ko bututu, ya yi sa'o'i ba ruwa ba isasshiyar iska. Wanda ya iso da rai kan iso da huhu a kumbure. Kaya kuma ta na'ura suke wucewa, ƙashin tsuntsu yana fitowa sarai. Mutum ya bar gida da niyyar Umra, ya fara ta da azabtar da rai da ɓoye kaya wa kwastan, wannan ba tafiyar da zan so wa ɗan'uwana ba ce.

Tsananin da ƙasar nan ke yi kan shigo da dabba mai rai yana da dalili, kuma ni a matsayina na likitan dabbobi ina tare da shi ɗari bisa ɗari. A shekarar 2000 zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a Jazan, karo na farko da aka gan shi a wajen Afirka, ya kashe mutum fiye da 100. A 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani, irin H5N1, a wata gona a jihar Kaduna, ta farko a nahiyar, a 2007 kuma ta shiga gonakin kaji na yankin Riyad, aka hallaka miliyoyi. A 2003 gafiya da wasu ɓeraye da aka kai Amurka daga Ghana don masu kiwon sha'awa suka shigar da ƙyandar biri, mutane da dama suka kamu. Garin da miliyoyin mutane daga kowace ƙasa ke taruwa kafaɗa da kafaɗa ba zai yi wasa da wannan ba. Aku ma yana da tasa cutar, wadda ake shaƙa daga ƙurar busasshen kashinsa, tana zuwa da zazzaɓi da tari har ta kama huhu. A shiƙƙa, wato sashen gidan bene, mai rufaffun tagogi da na'urar sanyaya ɗaki, yara da tsofaffi ke fara ɗauka.

Hanyar halal ita ce akun da aka ƙyanƙyashe a gonar kiwo. Afirka ta Kudu ce kan gaba wajen fitar da irinsu, a nan ma akwai masu kiwo. Ka je shago mai lasisi, ka duba ƙafar tsuntsun. Za ka ga zobe rufaffe wanda ba shi da mahaɗi, mai lamba a jiki. Ana zura shi ne tun tsuntsun yana ɗan makonni, in ya girma ba ya shiga ba ya fita, shi ya sa ya zama shaida. Zobe mai tsaga wanda aka matse da filaya ba shaidar kome ba ne. Wasu kuma ana sa musu ƙwayar lamba a ƙarƙashin fata, likita na karanta ta da na'ura. Ka karɓi fatura, wato rasiti, da sunanka, da takardar asalin tsuntsun, ka tabbata lambar da ke takarda ita ce a ƙafa, a mayar da mallakar tsuntsun hannunka. Mai talla a Snapchat ko TikTok da ya ce ku haɗu a gidan mai bayan Isha, kuma kuɗinsa bai kai rabin na shago ba, ka riga ka san abin da yake sayarwa.

Amma tun da ka tambaye ni, ra'ayina shi ne aku ba tsuntsun yara ba ne. Yana rayuwa shekara 40 zuwa 50, wani ya wuce. Mutum ɗaya yake zaɓa a gida ya shaƙu da shi, sauran ya cije su, bakinsa kuwa yana fasa ƙwallon goro. In aka bar shi shi kaɗai sai ya shiga fige gashin kansa har ƙirji ya zama tsirara. Yawancin waɗanda ake kawo mini ba wata cuta ce ta kama su ba, abinci ne: 'ya'yan furen rana kaɗai ake ba su safe da yamma, sinadarin ƙashi ya yi ƙaranci, tsuntsu ya fara faɗowa daga sanda yana karkarwa. Ga kuma turaren wuta, wanda gidajenmu ba sa rabuwa da shi. Hayaƙin da ke yi mana daɗi yana lalata huhun tsuntsu, haka ma tururin kaskon da abinci ba ya kamawa in ya yi zafi da yawa. Sannan ranar da za ka koma gida gaba ɗaya, sai ka sake bin duk waɗancan takardu kafin ka fita da shi.

Cikin dangin aku kaf, nau'i huɗu ne kawai ba sa cikin jerin CITES: ƙaramin nan da ake kira badji, da mai tukku da ake kira karawan, da wani ƙaramin mai jar fuska, da tsirya, wadda Larabawa ke ce wa durra. Ka saya wa yara badji biyu ko karawan a shago mai lasisi. Suna sabo da hannu, ba sa tayar da maƙwabta, namijin badji ma yana koyon kalmomi in an yi haƙuri da shi. Kanari ma haka.

Kunkuru kuma, babban nan na Sahel da muke ajiyewa a tsakar gida, yana jeri na biyu, amma tun shekarar 2000 an rufe ƙofar fitar da na dawa don ciniki. Ɗan da ƙanenka zai saya bai wuce tafin hannu ba yau, amma irinsu na haura kilo 50, suna haƙa rami, suna iya kai shekara 70. Ba dabbar bene ba ce. A kan tayil ba rana, ƙoƙon bayansa laushi yake yi ya karkace. Yana kuma ɗauke da ƙwayar cutar gudawa a jikinsa, yaro ya taɓa shi ya kai hannu baki. Irin wannan hukunci ya hau sauran abubuwan da ake ƙawata gida da su a wajenmu. Gauraka ta koma jeri na ɗaya a 2019. Jiminar Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan ita ma jeri na ɗaya take. Ba rayayyu kaɗai ba, har fata da ƙwai da ƙaho da hauren giwa, don haka masu riƙo kayan maganin gargajiya su ma su ji.

Sai biri. Wanda ake gani a kan hanyar Hada da Baha da Abha ɗan ƙasa ne, a duwatsun nan Allah Ya halicce shi, kuma zamansa ɗan ƙasa bai mayar da shi na kowa ba. Wasu na ɗauka cewa abin da aka shigo da shi ne kaɗai ke buƙatar takarda, na gida kuwa duk wanda ya kama nasa ne. Ba haka ba ne. Wanda ya kama shi ya yi farauta ba izini, wanda ya sayar ya yi fatauci ba izini, wanda ya ajiye ya mallaki dabbar dawa ba izini. Ko ciyar da su a bakin hanya an sa masa tarar riyal 500, domin jefa musu ayaba da burodi daga mota shi ya sa suka yawaita, suka daina tsoron mutane, suke shiga gonaki da gidaje.

Ka tambayi kanka yadda aka raba ɗan da uwarsa. Uwar biri ba ta sakin ɗanta da daɗin rai, yana manne a cikinta watanni. Sai an jefe ta, ko an bi ta da mota, ko an kashe ta. Ɗan da aka kawo zai yi maka kyau shekara ɗaya ko biyu, yara su sa masa riga. Da ya fara balaga sai halinsa na asali ya fito. Namiji yana kai kilo 20 zuwa 30, fiƙoƙinsa sun fi na kare tsawo, kuma a garkensu da cizo ake nuna wa na ƙasa matsayinsa. A gidanka na ƙasa su ne ƙananan yara da mata. Ga tarin fuka da atini da yake iya ɗauka daga gare ku ya mayar muku, saboda kusancin jikinsa da namu. Daga nan sai a ɗaure shi da sarƙa a saman bene cikin zafin Makka, ko a kai shi bakin dutse a yar. Garke ba ya karɓar wanda ya tashi a hannun mutane cikin sauƙi, shi kuma bai iya neman abinci ba, sai ya koma tare motoci. Dabba ce mai iya rayuwa shekara 30. Kuɗi kaɗan ɗin da aka ce maka farkon hasara ne.

Wannan ya kawo maganar saki. Wanda ya gaji da dabba kada ya buɗe keji ya ce ya yi sadaka. Sakin dabba a dawa ba izini laifi ne, kuma ɓarnarsa a bayyane take. Dubi tsuntsun maina na Indiya da ya cika lambunan Jidda yana korar tsuntsayen ƙasa daga sheƙunansu, da hankakan Indiya da ya biyo jiragen ruwa ya mamaye garuruwan gaɓar Bahar Maliya har hukuma ke kashe kuɗi don rage shi. Dabbar da ka kasa riƙewa, cibiyar tana da wuraren ajiya, a can ake miƙa ta.

Kai da ke Makka akwai wata dokar a kanka da ta girmi duk waɗannan. Farauta haramun ce a cikin iyakar Harami, ga mai ihrami da wanda ba ya ciki, kuma ayar tana cikin Suratul Ma'ida. Ko firgita dabba an hana. Sahabbai sun yanke cewa wanda ya kashe tantabarar Makka zai yanka akuya ko tunkiya, don haka a gaya wa yara su bar ɗana wa tantabarun gari tarko a saman bene. Abin da aka yi izinin kashewa sanannu ne a hadisi: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Game da dabbar dawa da aka kamo a waje aka shigo da ita Harami, Malikiyya da Shafi'iyya sun sauƙaƙa wa mazaunin gari, Hanafiyya da Hambaliyya suka ce ya sake ta. Ajiye tsuntsu a keji a kan kansa malamai sun halasta shi, da hujjar ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu Annabi (SAW) yana tambayarsa labarinsa. Sharaɗin shi ne ci da sha da kulawa, hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare kuwa kowa ya san shi. Halascin fiƙihu dai ba ya ɗauke maka dokar hukuma, domin hana abin da ke cutar da jama'a yana cikin haƙƙin shugaba.

Kyanwa ba matsala, ka yi mata rigakafin haukan kare da sauran allurai kawai. Wasu dattawa za su ce maka an hana, don a 2006 an taɓa sanar da hana sayar da karnuka da kyanwoyi a Makka da Jidda, a Riyad kuma a 2008. Yau shagunansu da asibitocinsu a buɗe suke. Kare an taƙaita shigo da shi ga na farauta, na gadi da na ja-gorar makaho, an kuma hana wasu nau'o'i masu faɗa. Akwai dokar tausaya wa dabbobi ta ƙasashen yankin Gulf da Saudiyya ta amince da ita a 2013, wadda ke hukunta azabtarwa da sakaci. Shaho da kake gani a hannun Larabawa shi ma ba a sake yake ba, da rajistarsa da lambarsa, har da takardar tafiya in za a ƙetare iyaka da shi.

Yanzu fahad, wanda Hausa ke kira rabbi. Dabbobi masu cin nama irin zaki, damisa, rabbi, kura da kyarkeci ba a ba ɗaiɗaikun mutane izinin shigo da su don sha'awa. Wuraren da ke riƙe su bisa doka su ne gidajen namun daji da cibiyoyin kiwo da bincike masu lasisi. A 2021 wani zaki ya kashe mutumin da ke kiwonsa a Riyad, kuma a lokacin cibiyar ta sake tunatar da jama'a hukuncin shekara 10 da miliyan 30.

Rabbi yana jeri na ɗaya. Abin da ya rage a dawa a duniya duka bai wuce kimanin 7,000 ba. A Jazirar Larabawa ya ƙare tun shekarun 1970, sai gawarwakinsa busassu da cibiyar ta gano a kogunan arewacin ƙasar a 2022. To daga ina ɗan da ke istiraharku ya fito? Hanyar da aka fi sani ita ce daga Habasha da Somaliya, a tsallaka da su teku a kwalekwale zuwa Yaman, sannan a shigo ta ƙasa. Masu aikin ceto su a Hargeisa suna ƙiyasta kusan 'ya'ya 300 ake fitarwa a shekara, kuma mafi yawa ba sa isa da rai. Waɗanda suka iso sukan zo hannun mai gadi irinka, a ce ka ba su kaza. Tsokar kaza zalla ba ƙashi ba kayan ciki ba ta gina ƙashin ɗan rabbi. Cikin 'yan watanni ƙafafu su lanƙwashe, baya ya shanye, ya fara jan gindi. In ka ga yana ɗingishi ko yana ƙin tashi, abin ya fara ke nan. Shi ya sa kaɗan ne ke kai shekara biyu a irin waɗannan gidaje.

Ban ce ka je ka yi fito-na-fito da mai gidanka ba, na san abincinka a hannunsa yake. Amma ka san cewa ranar da askar suka shigo, kai za su tarar a wurin da makulli a hannu. Saboda haka ka tambaye shi cikin ladabi ko dabbar tana da lasisi, ka ce tsoro kake ji, gaskiya ce kuma. Ka gaya masa cibiyar ta sha buɗe ƙofar gyara matsayi ga masu riƙe da dabbobin dawa ba takarda, kuma wanda ya miƙa da kansa ba ɗaya yake da wanda aka kama ba. Wataƙila shi ma ya fara gajiya da ita. Kafin nan, kada ka ɗauki dabbar a mota kai kaɗai zuwa ko'ina, ko da asibiti ne, sai da shi ko da takarda. Kada ka ɗauki hotonta ka sa a waya ko ka tura wa 'yan'uwa a gida, akwai waɗanda aka kama ta bidiyo aka gano su. Kada ka yarda a yi talla da lambarka, kada kuɗin ciniki ya bi ta asusunka, kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Ka adana kwangilar aikinka da ke nuna gadi aka ɗauke ka, da saƙonnin da yake ba ka umarni. 'Ya'yanka kuma kada su kusanci kejin, domin rabbi abu ƙarami mai gudu yake bi, kuma ba ya bambance yaro da barewa.

In ya ƙi ji, ko dabbar ta kuɓuce, ko ta ji wa wani rauni, lambar da ake kira a yankin Makka ita ce 911, su za su haɗa ka da askar na muhalli. In ta yakushe ka ko ta cije ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ka tafi asibiti a ranar, ka faɗa musu ainihin dabbar da ta yi maka, kada ka ce kyanwa ce don rufa wa wani asiri, domin allurar da za a yi maka ta dogara da abin da ka faɗa.